Shin John Comyn Maci Amana Ne? Fashin Baƙi Kan Basaraken Da Aka Kashe A Majami'ar Dumfries

Duk lokacin da maganar ɓallewar Sikotilan daga Birtaniya ta taso, kamar yadda ta taso a ƙuri'ar raba gardama ta watan Satumban 2014, shekarar da yaƙin Bannockburn ya cika shekara 700, sunan da ke fara zuwa bakin mutane shi ne Robert Bruce, sarkin da ya karya rundunar Ingila. A fina-finai da labaran da ake ba masu yawon buɗe ido, akwai wani suna da ke bin nasa kamar inuwa, wato John Comyn, uban ƙasar Badenoch, wanda Bruce ya daɓa wa wuƙa a cikin majami'a ranar 10 ga Fabrairun 1306. Yawanci ana kawo shi ne a matsayin munafukin da ya kai wa Sarkin Ingila tsegumi, don haka ya gamu da abin da ya dace da shi. Tambayar ita ce, shin tarihi ya tabbatar da wannan zargi, ko kuwa hukunci ne da marubutan gidan da ya yi nasara suka yanke wa mamacin da ba ya nan balle ya kare kansa? Ba a iya amsa ta sai an koma ga asalin gidan Comyn, domin rigimar ta girmi mutanen biyu.

Matakan sarauta a wancan zamani

A Sikotilan ta ƙarni na 13, sarki ne a sama, a ƙarƙashinsa kuma akwai manyan hakimai da ake kira earl, waɗanda ke riƙe da tsofaffin larduna irin su Buchan da Carrick da Fife. Bayansu akwai iyayen ƙasa da sarki ya yanka wa yanki bisa sharaɗin su kawo mayaƙa idan an buga gangar yaƙi, kuma wasu daga cikinsu, kamar mai Badenoch da mai Annandale, ƙarfinsu bai gaza na hakimi ba. Akwai kuma masu riƙon ƙasa, waɗanda manyan ƙasa ke zaɓa su tafiyar da mulki idan gadon sarauta ya zama babu kowa a kai, ko kuma sarki yana hannun maƙiya. Wannan muƙami na ƙarshe shi ne John Comyn ya riƙe a shekarun da suka fi kowane tsanani.

Daga magatakarda zuwa gidan da ya fi kowane ƙarfi

Gidan Comyn ba asalin 'yan ƙasa ba ne. Suna cikin iyalan da suka ƙetaro daga arewacin Faransa zuwa Ingila bayan mamayar Normawa ta 1066, sannan suka gangara arewa a zamanin Sarki David na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1124 zuwa 1153. Gidan Bruce ma haka yake, domin wannan sarkin ne ya ba kakansu ƙasar Annandale a 1124. Na farkon da ya yi suna a gidan Comyn malamin coci ne mai suna William, wanda ya zama babban magatakardan sarki. Ɗan ɗan'uwansa Richard shi ne ya yi auren da ya sauya matsayin zuriyar baki ɗaya, domin ya auri Hextilda, jikar Sarki Donald na Uku, kuma ta wannan mata jinin tsohuwar sarautar Sikotilan ya shiga gidan.

Ɗansu William Comyn ya zama babban alƙalin arewacin ƙasar, kuma wajen 1212 ya auri Marjory, magajiyar lardin Buchan, ya zama baƙo na farko da ya hau ɗaya daga cikin tsofaffin kujerun hakimai na ƙasar. Shi ya gina gidan ibada na Deer a 1219, ya rasu a 1233. Daga gare shi gidan ya rabu biyu: 'ya'yan Marjory suka gaji Buchan, 'ya'yan matarsa ta fari kuma suka samu Badenoch, ƙasar duwatsu da ke tsakiyar arewa, wadda sarki ya ba Walter, ɗan William, wajen 1230 bayan an murƙushe wani tawaye a can. Walter ya ƙara da sarautar Menteith ta hanyar aure, kuma ƙarfin gidan ya kai ga cewa a 1257 suka ɗauke matashin sarki Alexander na Uku daga Kinross domin ƙwace ragamar mulki daga abokan hamayyarsu. Wannan ya nuna cewa su ma ba waliyyai ba ne, mutanen mulki ne masu amfani da ƙarfi idan ta kama.

Da Walter ya rasu a 1258 ba tare da magaji ba, Badenoch ta koma hannun ɗan ɗan'uwansa John, kakan wanda muke magana a kai. Ganuwoyinsu sun tsare hanyoyin da ke ratsa duwatsun arewa: Ruthven, da Inverlochy a yamma, da Lochindorb wadda aka gina a kan tsibiri a tsakiyar tafki, ta yadda ba a isa gare ta sai da kwalekwale. A kudu kuma suna da Dalswinton, 'yar tazara kaɗan daga Dumfries, kusa da ƙasar gidan Bruce.

Uwa daga gidan Balliol, mata daga gidan sarautar Ingila

John Comyn da aka kashe, wanda ake wa laƙabi da Ja domin a bambanta shi da mahaifinsa da ake kira Baƙi, ya tsaya ne a mahaɗar jini uku. Ta wajen uba, jinin Sarki Donald ne. Mahaifiyarsa Eleanor 'yar'uwar John Balliol ce, wanda daga baya ya zama sarki, ke nan Balliol kawunsa ne. Matarsa kuwa, Joan de Valence, 'yar William de Valence ce, wanda suke uwa ɗaya da mahaifin Sarki Edward na Ɗaya na Ingila. Wanda bai san yadda manyan ƙasashen biyu ke auratayya a lokacin ba zai iya ɗaukar wannan aure a matsayin shaidar cewa zuciyarsa na Ingila, alhali kusan kowane babban gida a Sikotilan, har da na Bruce, yana da gonaki da surukai a kudancin iyaka.

Yadda gadon sarauta ya zama fanko

A daren 19 ga Maris 1286, Sarki Alexander na Uku ya faɗo daga kan doki kusa da Kinghorn ya mutu, bayan 'ya'yansa uku duk sun riga shi. Magajiyar da ta rage ita ce jikarsa Margaret, ƙaramar yarinya da ke Norwe. Manyan ƙasa suka zaɓi masu riƙon ƙasa shida, biyu daga cikinsu 'yan gidan Comyn ne, wato hakimin Buchan da Comyn Baƙi, kuma babu ɗan gidan Bruce ko ɗaya. Tun a wannan shekarar tsoho Robert Bruce, kakan wanda ya zama sarki, ya ɗauki makami ya kame wasu ganuwoyi a kudu maso yamma, ciki har da ta Dumfries, sai da masu riƙon ƙasa suka taka masa birki. A 1290 yarinyar ta rasu a tsibiran Orkney tana kan hanyar zuwa, tana da shekara bakwai.

Mutum 13 suka fito neman sarauta, aka gayyaci Edward na Ingila ya yi alƙalanci, shi kuwa ya ce sai kowa ya amince cewa shi ne uban gidan Sikotilan kafin ya saurari ƙarar. Manyan masu takara biyu duk zuriyar David ne, hakimin Huntingdon, ƙanen Sarki William na Sikotilan. Balliol jikan babbar 'yarsa ne, tsoho Bruce kuma ɗan 'yarsa ta biyu. Balliol ya kafa hujja da cewa ɗakinsu ne babba, Bruce ya ce shi ya fi kusa da kakan da mataki ɗaya. Comyn Baƙi ma ya shigar da tasa takardar ta jinin Sarki Donald, amma bai matsa ba, domin goyon bayansa na wajen surukinsa. Ranar 17 ga Nuwamba 1292 aka ba Balliol gaskiya a Berwick, kuma bisa ƙa'idar gado ta wancan zamani hukuncin yana da tushe. Tun daga ranar gidan Comyn ya zama ginshiƙin gwamnatin sabon sarki, gidan Bruce kuma ya koma gefe yana jiran ranarsa.

Wa ya yi yaƙi, wa ya miƙa wuya?

A nan ne labarin da aka saba ji ya fi kauce wa abin da takardun lokacin suka nuna. Da Edward ya matsa wa Balliol lamba, yana kiransa kotu a Landan yana kuma neman sojoji domin yaƙinsa da Faransa, manyan Sikotilan ƙarƙashin jagorancin gidan Comyn suka ƙulla ƙawance da Faransa a 1295. Gidan Bruce ya ƙi amsa kiran yaƙi, aka ƙwace Annandale aka miƙa wa hakimin Buchan, wanda ɗan gidan Comyn ne, kuma wannan ciwo ne da gidan Bruce bai manta ba. A watan Maris 1296, lokacin da rundunar Sikotilan ta kai hari Carlisle da John Comyn Ja a cikinta, mahaifin Robert Bruce ne ke tsare garin a madadin Sarkin Ingila. Wata guda bayan haka aka ci Sikotilan da yaƙi a Dunbar, aka kama Comyn aka kai shi kurkukun Hasumiyar Landan, aka tuɓe Balliol.

An sake shi a 1297 bisa sharaɗin ya yi wa Edward yaƙi a ƙetare, amma zuwa 1298 ya riga ya dawo gida. Bayan William Wallace, jagoran masu yaƙar Ingila kuma mai riƙon ƙasa a lokacin, ya sha kashi a Falkirk a watan Yulin wannan shekara ya ajiye riƙon ƙasa, sai aka naɗa Comyn da matashi Robert Bruce su riƙe tare, domin a haɗa gidajen biyu a inuwa ɗaya. Haɗin bai yi ƙarko ba. Wani ɗan leƙen asirin Ingila ya aika rahoton abin da ya faru a taron manya a Peebles a watan Agustan 1299: wani jarumi na ɓangaren Comyn ya nemi a ba shi filayen Wallace saboda yana shirin fita ƙasar ba da izini ba, ɗan'uwan Wallace ya tashi ya ƙaryata shi, aka zare wuƙaƙe, sai Comyn ya yi tsalle ya shaƙe wuyan Bruce, hakimin Buchan kuma ya cakumi Bishop William Lamberton. Da ƙyar aka raba su. Wannan rahoto ya nuna Comyn mutum ne mai zafin zuciya, ya kuma nuna cewa shekara shida da rabi kafin Dumfries an riga an kai ga hannu.

Bruce ya bar riƙon ƙasa a 1300, kuma a farkon 1302 ya miƙa wuya ga Edward, ya auri 'yar hakimin Ulster, ɗaya daga cikin manyan mutanen Sarkin Ingila. Dalilinsa a fili yake: a lokacin ana rade-radin cewa Faransa da Fafaroma za su mayar da Balliol kan gadonsa, kuma Bruce ba zai zubar da jininsa domin ɗaukaka gidan da ya kayar da kakansa ba. Comyn ya ci gaba da yaƙi. Ranar 24 ga Fabrairu 1303, shi da wani jarumi mai suna Simon Fraser suka yi tafiyar dare suka afka wa rundunar Ingila a Roslin, kudu da Edinburgh, suka tarwatsa ta. Amma a watan Mayu Faransa ta sasanta da Ingila ta bar ƙawayenta a rana, Edward ya shigo da babbar runduna ya ratsa ƙasar har ya sauka a Lochindorb, tsakar gidan Comyn, ya yi hunturu a Dunfermline.

Ranar 9 ga Fabrairu 1304, a Strathord kusa da Perth, Comyn ya ajiye makami a madadin ƙasar. Bai miƙa wuya hannu rabbana ba. Ya nemi a bar wa mutane rayukansu da filayensu, a kuma kiyaye dokoki da al'adun ƙasar kamar yadda suke a zamanin Sarki Alexander, kuma an amince da mafi yawan wannan, ko da yake an ci wasu tara, an kori wasu na ɗan lokaci, an kuma cire Wallace daga afuwar. A cikin wannan watan Bruce yana cikin rundunar Ingila da ta fita farautar Wallace da Fraser. Idan har ana auna kishin ƙasa da yawan shekarun da mutum ya yi yana fuskantar Edward, to a ranar da suka haɗu a Dumfries, Comyn ya fi Bruce abin nunawa.

Abin da ya faru a gaban bagade

Abin da kowa ya yarda da shi kaɗan ne. Mutanen biyu sun haɗu a majami'ar 'yan zuhudun ɗarikar Faransis a Dumfries, a ranar da alƙalan Edward ke zama a ganuwar garin. Sun keɓe suna magana kusa da bagade, murya ta tashi, Bruce ya soke shi, mutanensa suka ƙarasa shi. Baffan Comyn, Robert, ya taso domin ya kare ɗan ɗan'uwansa, sai Christopher Seton, mijin 'yar'uwar Bruce, ya sare shi. Daga nan Bruce ya kame ganuwar Dumfries, ya nufi Glasgow inda Bishop Robert Wishart ya yafe masa zunubin, kuma ranar 25 ga Maris aka naɗa shi sarki a Scone, mako shida bayan kisan.

Kan dalilin kisan ne ruwayoyi suka rabu. Marubutan Sikotilan sun ce akwai yarjejeniya a asirce cewa ɗaya zai ɗauki sarauta, ɗayan ya ɗauki filayen abokinsa, sai Comyn ya tona asirin ga Edward. Marubutan Ingila kuma sun ce Bruce ya yaudari Comyn zuwa majami'ar ne da niyyar kisa, saboda ya ƙi bin sa su yi tawaye. Kowane ɓangare yana da abin da yake karewa, amma akwai abin lura game da ruwayar farko: an rubuta ta ne shekaru da dama bayan abin ya faru, kuma fitacciyar waƙar da ta yaɗa ta an tsara ta ne wajen 1375, a zamanin Robert na Biyu, jikan Bruce, wanda ya ba mawaƙin lada. A ganina abin da ya fi kusa da hankali shi ne cewa Bruce ya riga ya ƙudura neman sarauta, domin tun a watan Yunin 1304 ya ƙulla alkawarin sirri da Bishop Lamberton, kuma ba zai iya motsi ba muddin mutumin da ya fi kowa dakaru a ƙasar, ɗan 'yar'uwar sarkin da aka tuɓe, yana tsaye a gabansa. Wanda ya shirya kisa da gangan ba zai zaɓi wurin ibada ba, domin ya san abin da zai biyo baya, kuma ya biyo: Fafaroma Clement na Biyar ya yanke shi daga coci. Ya fi kama da ganawar neman goyon baya da tsohuwar gaba ta rikiɗar da ita.

Abin da talakawa suka girba

Kisan ya mayar da yaƙin neman 'yanci ya zama yaƙin basasa. Dangin mamacin da surukansa, waɗanda suka shafe shekara takwas suna yaƙar Ingila, suka wayi gari ba su da mafaka sai wajen Edward, domin ba za su yi mubaya'a ga wanda ya zubar da jininsu ba. Edward ya ɗora Aymer de Valence, ɗan'uwan matar Comyn, a kan rundunar ramuwa, kuma shi ya fatattaki Bruce a Methven a watan Yunin 1306. Gidan MacDougall na yamma, waɗanda ke da auratayya da gidan Comyn, suka tare shi a duwatsu. An kashe ƙannen Bruce uku, an rataye Seton a Dumfries. Har cikin ɗaki rigimar ta shiga, domin Isabella, matar hakimin Buchan, 'yar gidan Fife ce da ke da gadon naɗa sarki, ta bar mijinta ta je Scone ta naɗa Bruce, kuma sakamakonta shi ne shekara huɗu a cikin keji a ganuwar Berwick.

Da Edward ya mutu a watan Yulin 1307, Bruce ya juya arewa, ba domin mutanen Ingila ba, domin gidan Comyn. A 1308 ya ci hakimin Buchan da yaƙi kusa da Inverurie, sannan ya saki ƙanensa Edward Bruce a kan lardin, aka ƙone gidaje da rumbuna daga wannan iyaka zuwa waccan, aka karkashe dabbobi da mazajen da ake ganin masu biyayya ne ga tsohon gida. Wannan shi ne ɓangaren labarin da ya fi damuna, domin manoman Buchan ba su halarci taron Peebles ba, ba su san abin da aka faɗa a gaban bagade ba, laifinsu kawai shi ne a ƙasar wannan gida aka haife su. A ƙasa mai tsananin sanyi, ƙona hatsi da kashe shanu hukuncin yunwa ne a kan mata da yara. Waƙar nan da aka tsara domin yabon Bruce ita kanta ta amsa cewa an yi kusan shekara hamsin mutane na kukan abin da aka yi wa Buchan.

Inda zuriyar ta ƙare

Ɗan Comyn tilo namiji, shi ma John, an rene shi a Ingila, kuma ya mutu a Bannockburn a watan Yunin 1314 yana cikin rundunar Ingila yana yaƙar wanda ya kashe mahaifinsa. A watan Nuwamban wannan shekara majalisar da ta zauna a Cambuskenneth ta ƙwace filayen duk wanda bai yi wa Bruce mubaya'a ba, aka rarraba ƙasashen gidan Comyn ga mabiyan sabon sarki. Amma gado ya bi ta ɗakin mata. 'Yar Comyn Ja, Joan, ta auri hakimin Atholl, 'yar'uwarta Elizabeth kuma ta auri Richard Talbot, yayin da Alice, magajiyar reshen Buchan, ta auri Henry Beaumont. Waɗannan surukai da jikoki su ne suka dawo da makami a 1332, shekara uku bayan mutuwar Bruce, suka yi nasara a Dupplin Moor, suka naɗa ɗan Balliol sarki, aka sake buɗe wani yaƙin da ya ci ƙasar shekaru. Jikan Comyn, David na Strathbogie, ya mutu a yaƙin Culblean ranar 30 ga Nuwamba 1335.

Ta wajen Alice jinin gidan ya kai inda ba a zata ba, domin jikarta Blanche ta Lancaster ita ce mahaifiyar Henry na Huɗu, wanda ya hau gadon Ingila a 1399. Zuriyar Bruce ta ɗa namiji kuwa ta yanke a 1371 da mutuwar ɗansa David na Biyu, sarauta ta koma gidan Stewart ta hanyar Marjorie, 'yar Bruce. Ƙananan rassan gidan Comyn sun tsira a arewa maso gabas, kuma su ne masu amsa sunan Cumming a yau. Majami'ar da aka yi kisan ta daɗe da rushewa, shaguna sun hau wurin a tsakiyar Dumfries, sai wani ƙaramin allo a jikin bango da ke nuna wa mai wucewa inda abin ya faru.